Uwar da ba a zuwa yi wa gaisuwa

Maganar da na ɗauko yau mai nauyi ce, kuma na san akwai waɗanda za su ɗaure fuska tun kafin su kai rabi. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa, sannan ku hau ni da faɗa in kun ga dama. Maganar waƙa ce, rubutacciyar waƙa, da abin da take iya yi wa matar da ta zubar da ciki ta koma ɗaki da abin a zuciya, babu mai ce mata sannu.

A 1945 wata baƙar fata ƴar Amurka mai suna Gwendolyn Brooks, tana da shekara 28, ta fitar da littafin waƙoƙinta na farko, A Street in Bronzeville. Bronzeville unguwa ce a kudancin birnin Shikago, inda baƙaƙen fata da suka baro jihohin kudu suka cunkushe. Masu gidajen haya sun yayyanka manyan gidaje sun mai da su ƴan ɗakuna, iyali guda ɗaki guda, makewayi kuma na kowa da kowa. Wanda ya taɓa zaman gidan haya mai ƙofa goma a Yamai ko Damagaram ba sai an yi mishi dogon bayani ba. Littafin kamar hotunan mutanen layi ne, ɗaya bayan ɗaya: tsofaffin ma'aurata, mai wa'azi, yarinyar da ke leƙen bayan gida. A cikinsu akwai wata mata da ta zubar da ciki, ba sau ɗaya ba ma. Brooks ta ba ta baki ta yi magana da kanta, ta kuma raɗa wa waƙar suna "the mother", wato uwa, da ƙaramin harafi.

Lokacin nan zubar da ciki laifi ne a dokar jihar da Brooks take zaune, kamar yadda yake a wajenmu yau. Kamfanin da zai buga littafin ya aika wa Richard Wright ya duba, shi dai Wright ɗin nan mai Black Boy da da yawa cikinmu muka karanta da faransanci a lakkwal. Ya yaba littafin sosai, amma ya ba da shawara a cire wannan waƙa. Brooks ta ƙi. Shekara biyar bayan haka, a 1950, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Pulitzer, da littafinta na biyu. Ta rasu a 2000, kuma waƙar da aka so cirewa tana cikin waɗanda aka fi saninta da su har gobe.

Ba zan kawo muku baitocin ba, wanda ke jin turancin Ingilishi ya nema ya karanta da idonshi. Yadda aka gina ta nake so mu duba. Matar tana farawa kamar mai ba wata labari, tana cewa ke kaza, ke kaza, kamar abin bai shafe ta ba. Duk mun san wannan dabara. Mu da ke aikin radiyo kullum muna jin ta a waya: "wata ƙawata ce abin ya faru da ita." Can sai muryar ta kasa riƙe nisan, ta dawo "ni". Daga nan ta bar mu gaba ɗaya ta juya wajen yaran, tana yi musu magana baki da baki, tana lissafa musu rayuwar da ba su samu ba, mai daɗinta da mai ɗacinta. Sai ta zauna yi wa kanta shari'a. Ta ɗauki laifin, ta nemi sassauci, ta ji kunyar neman sassaucin, ta sake ɗauka. Inda waƙar ta fi kama ni shi ne inda matar ke neman kalmar da za ta kira abin da ya faru, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan ta ajiye. In ta ce sun mutu, ai ba a haife su ba. In ta ce ba kowa ba ne, to su wa take yi wa magana? Ba ta warware ba har ƙarshe. Abin da ya rage mata a hannu so ne, da shi ta rufe baki.

Wannan neman kalma, Bahaushe ya fi kowa saninshi. Babba in ya mutu mu ce ya rasu. Jariri in ya mutu mu ce ya koma, kalma mai taushi, kamar baƙon da ya leƙo ya ga gidan ya juya. To wanda bai iso ba fa, ta ina zai koma? Sai mu ce ɓari, irin kalmar da muke faɗa wa man ja in ya kife a ƙasa. Ku kuma saurari tazarar da ke tsakanin "cikin ya zube" da "ta zubar da cikin". Ƴan haruffa ne a ƙarshen kalma. Na farko ana kawo wa mace kunu a ce Allah ya mayar da alheri. Na biyu yana iya kai ta gidan kaso, ko ya raba ta da aure, ko ya rufe mata ƙofar gidan ubanta. Saboda haka mata da yawa da suka yi na biyu sukan faɗi na farko, a zo a yi musu jaje kan ƙarya, su amsa da "na gode" alhali cikinsu na cin wuta. Jajen da aka yi wa ƙarya ba ya sauka inda ciwon yake.

Mu da muka yi lakkwal, akwai wata waƙar rashin ɗa da aka sa mu haddacewa, ta Victor Hugo. Ɗiyarshi Léopoldine ta nutse a kogin Seine, wajen Villequier, ran 4 ga Satumba 1843, tana da shekara 19, watanni kaɗan bayan aurenta. Waƙar ta fito a Les Contemplations a 1856. Mun tsaya gaban allo mun rera ta, mushe na riƙe da bulala, ba mu ma san abin da rashi yake nufi ba. Waƙa ce mai kyau, ba na musu. Amma ku duba abin da Hugo yake da shi a hannu: ɗiyar tana da suna, tana da kabari, akwai hanyar da zai bi ya je, akwai ranar da zai tuna, kuma duk Faransa ta yarda uba ne da aka yi wa rashi. Babu mai tambayarshi me ya sa yake kuka. Matar Bronzeville ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Takardar waƙar ita ce kaɗai wurin da yaran suke da mazauni.

A ajin faransanci an koya mana sunan wannan dabara, apostrophe: mawaƙi ya juya ya kira wanda ba ya nan, ko mamaci, ko dutse, ko ƙasa, kamar zai amsa. Wata malamar adabi a Amurka, Barbara Johnson, ta yi rubutu a 1986 kan yadda dabarar take aiki a waƙoƙin zubar da ciki, har da ta Brooks. Abin da ta lura da shi mai sauƙi ne amma yana da nauyi: da zarar ka ce wa abu "kai", ka ba shi rai a cikin magana. Matar da ke kiran ɗan da ba ta haifa ba tana raya shi muddin tana magana, shi ya sa yin shiru yake mata wuya, kuma kowace kalma tana ƙara tabbatar mata da girman abin da ta rasa. Mu ma ai haka muke. Ku saurari tsohuwa in an fito da gawa, ba jama'a take yi wa magana ba, mamacin take kira: ka tafi ka bar ni da wa? Marsiyyoyin da Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo da ƙawarta A'isha sun nuna mana tun ƙarni na 19 cewa mace malama tana iya zuba baƙin cikinta a baiti, imaninta bai ragu da ƙwayar gero ba.

Brooks ba ita kaɗai ba ce. Anne Sexton ta buga tata a 1962, tafiya ce a mota, zuwa da dawowa, da layi guda da ke ta maimaituwa kamar ciwon kai, a ƙarshe matar ta tsawata wa kanta kan kewaye-kewayen da take yi. Wannan ba ta kama ni kamar ta Lucille Clifton ba, wadda ta fito a 1972, shekara guda kafin kotun ƙolin Amurka ta halatta abin a faɗin ƙasar. Clifton baƙar fata ce, uwar ƴaƴa shida. A waƙarta matar tana gaya wa ɗan irin lokacin da zai faɗo a ciki da an haife shi: tsakiyar sanyi, gida babu abin ɗumama ɗaki, aljihu babu komai. Ba ta kawo talaucin don ta wanke kanta ba, bayani take yi wa wanda take ganin yana da haƙƙin a yi mishi bayani. Sannan ta yi rantsuwa mai tsanani a kan kanta, cewa za ta tsaya wa ƴan'uwanshi da ke raye tsayuwar da ba ta yi mishi ba. Wallahi duk wanda ya san matan ƙasar nan ya san wannan rantsuwa. Akwai uwar da za ka ga tana kashe kanta a kan yara fiye da hankali, tallan ƙosai da asuba, wankau da rana, ba ta saya wa kanta ko kallabi. Mu ce kai, wance akwai son ɗiya. Wani lokacin bashi take biya wanda ita kaɗai ta san da shi.

To, na ji masu cewa: Malam, wannan ai kayan Turawa ne, kana so ka shafa wa zunubi zuma. Bari mu yi ta a fili. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Mazhabar Malikiyya da muke bi tana cikin mafi tsanani a wannan babi, mashahurin zance a cikinta hani ne tun farkon shigar ciki, kuma bayan wata huɗu, lokacin da hadisi ya ce ana busa rai, malamai sun haɗu kan haramci sai in ran uwa ne ke cikin haɗari. Dokar ƙasa ma tana hukunta wadda ta yi da wanda ya yi mata. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta buɗe ƙofa ne kawai in cikin na barazana ga rai da lafiyar uwa, ko in likitoci sun tabbatar ɗan na ɗauke da mummunar cuta. Babu baitin da zai canza ko ɗaya cikin waɗannan, kuma waƙoƙin da na ambata ba su ce za su canza ba. Amma ku tambayi malamin unguwarku sharaɗin tuba na farko. Nadama ce. To mene ne waƙar Brooks in ba nadama da aka ba ta baki ba? Mace ta tsaya ta kalli abin da ta yi ido da ido, ba ta ce ba komai ba ne, ba ta ɗora wa shaiɗan ta wuce ba. Mu da ke cewa muna son mutane su tuba, mu ne kuma muka toshe duk wata kafa da mai nadama za ta buɗe baki. Ta je wajen wa? Uwarta za ta faɗi sumammiya. Ƙawarta za ta kai wa ƙawarta. Malam namiji ne, kuma abokin babanta ne.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda su ma waƙar ba ta yi musu daɗi. Su ne masu cewa aikin likita ne na minti kaɗan, a daina cusa wa mata damuwa. Ba sa son jin an kira matar uwa, ba sa son jin an kira abin ɗa. Suna da hujjarsu, kuma gaskiya ta sa in kawo ta. Wani bincike da jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko ta yi, wanda ya bi ɗaruruwan mata har shekara biyar bayan sun zubar da ciki, ya samu fiye da 95 cikin 100 suna cewa shawarar da suka yanke ita ce daidai a gare su, kuma abin da suka fi ji shi ne sauƙi a rai. Amurka ke nan, ba Tawa ba, amma ba za a share shi ba. Ba kowace mace ke ɗauke da wannan kaya ba, kuma ba daidai ba ne a tilasta wa wadda ba ta ji ba sai ta ji. Sai dai binciken nan ya nuna waɗanda ke tsoron tsangwamar mutanensu sun fi shan wahala a zuciya. In haka ne a can, ku auna nan, inda kowa ya san kakar kowa. Kuma mace tana iya cewa da za a sake da haka zan sake yi, ta kuma yi kuka duk shekara in watan ya zagayo. Takardar tambayoyi tana da gurbin "e" da gurbin "a'a". Waƙa ce ke da wurin da za a ajiye su biyun tare, ba a ce wa mace sai ta zaɓi ɗaya ba.

Wani abu kuma da muke yi, da an ce zubar da ciki sai hankalinmu ya tafi kan ƴar lakkwal da saurayi ya yaudara. Tana ciki, ba a musu. Amma ku tambayi ungozoma ko sajfam da ta daɗe a aiki, ba tare da ta kama suna ba. Akwai matar aure da ta yi rurrutsa, goyo na wata biyar ga wani ciki, kishiya na dariya, uwar miji na habaici. Akwai wadda mijinta ya tafi Libiya ko Abijan shekara biyu babu aike. Akwai ƴar aiki da maigida ya shiga ɗakinta da dare. Akwai yarinyar da uwarta ce ta kama hannunta ta kai ta, don kada a ji, kuma yau su biyun suna cin tuwo a kwano ɗaya ba mai iya kallon idon wani. Sannan akwai wadda likita ne da kanshi ya ce sai an cire, jininta ya hau, jijjiga na shirin kama ta, in an bari za a rasa biyu. Wannan ta ƙarshe doka ba ta kama ta ba, malamai ba su kama ta ba, amma je ka ji abin da take gaya wa kanta da tsakar dare: na zaɓi raina a kan nashi. Wa zai gaya mata ba haka ba ne, tunda ba ta taɓa faɗa da ƙarfi ba?

Mu fa mutane ne da suka iya rashi. In an yi mutuwa akwai zaman makoki, akwai sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Matar mamaci tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, ana yi mata magana a hankali. Mai jego tana da ruwan zafi da kunun kanwa da tsohuwar da za ta zauna da ita kwana arba'in. Ko uwar da ƴaƴanta ke komawa ɗaya bayan ɗaya, al'ada ta ba ta hanyar magana: ta sa wa na gaba Ajuji, ko Ayashe, ko Abarshi, ta yi kamar ba ta so don mutuwa ta kau da kai. Duk wanda ya ji sunan ya san kaburbura nawa ke bayanshi. Wannan ma ai waƙa ce, mai kalma guda. Ita kuwa wadda muke magana a kanta, washegari za ta ɗaura zane biyu ta fito ta ɗauki taɓarya, ko ta rataya jaka ta tafi aji, jini na zuba, tana murmushi, don in ta kwanta za a tambaya.

Kuma kada shirun ya ruɗe mu. Mu ne mutanen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, wani ma sai ya girma yake gane ita ta haife shi. Wa zai ce ba ta son shi? Mun san sarai a wajenmu inda so ya fi yawa nan baki ya fi rufewa. Amma in aka zo kan wannan mata sai mu manta, mu ce dubi ta, ko a jikinta.

Shirun nan yana kisa, ba a zuciya kaɗai ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kusan 45 cikin 100 na cikin da ake zubarwa a duniya ana yin shi ta hanya mai haɗari, kuma a Afirka abin ya fi haka muni. Wadda ta sha haɗe-haɗe ko aka tsokane ta da ƙarfe a bayan gari, in zazzaɓi ya taso ko jini ya ƙi tsayawa, ba za ta faɗa ba. Za ta ce shawara ce, za ta ce ciwon mara ne, har sai an ɗauke ta ranga-ranga. Alhali a matanite ana karɓar mai zubar jini a yi mata wankin ciki, ko ɓari ne ko ba ɓari ba, aikinsu ceton rai ne. Kwana biyun da kunya ke ci su ne tsakanin rayuwa da kabari. Annie Ernaux, Bafaranshiyar da ta ci kyautar Nobel a 2022, ta ba da labarin nata: tana ɗaliba a Rouen, farkon 1964, lokacin da abin yake laifi a Faransa, ta ƙare a asibiti jini na zuba. Sai a 2000 ta iya fitar da littafin, L'Événement. Shekara 36, a ƙasar da ta canza dokarta tun 1975. Wannan zube ne ba waƙa ba, na kawo shi ne don ku ga tsawon da shiru ke iya yi ko a bakin wadda rubutu ne sana'arta.

Yanzu ku duba abin da mu muke sakawa a iska. Ina cikin masu sakawa, na san kayan. In waƙa ko wasan kwaikwayo ya taɓo wannan magana, daga waje yake tsayawa yana nuna ta da yatsa: ga ta nan, ƴar banza, ku ga ƙarshenta. A fim ko ta mutu a kan gadon asibiti, ko ta yi aure ta nemi haihuwa ta rasa, kiɗan tausayi ya tashi, a rubuta ƙarshe. Gargaɗi ne, kuma gargaɗi yana da wurinshi. Amma an yi shi ne don yarinyar da ba ta yi ba tukuna. Wadda ta riga ta yi, tana zaune cikin masu kallo da ɗanta a cinya, me aka ce mata? An ce mata ke kin gama. Haka in aka tsinci jariri a kwata aka sa hoton a Facebook, kafin awa guda tsinuwa ta kai ɗari, duk a kan mace. Abin da aka yi wa jaririn mugun abu ne, babu mai kare shi. Amma ciki mutum biyu ke yin shi.

Wannan ya kawo ni kan mu maza. A waƙar Brooks ba a ga uban yaran ba, ko inuwarshi. Ba ta zage shi ba, ba ta kira shi ba, babu shi kawai, kuma ina ganin wannan rashin nashi yana cikin gaskiyar waƙar. Wanda ya miƙa jaka goma ya ce "ki san yadda za ki yi", ya kashe waya, yau yana sahun gaba a masallaci, an ba shi ɗiyar mutunci, ana ce mishi Alhaji. A fada, wajen shayi, in hira ta yi hira, za ka ji wani ya faɗe ta kamar labarin ƙwallo. Shi ba ya jin komai ne, ko shi ma ba shi da inda zai faɗa? Akwai waƙa a nan da ke jiran namijin da zai iya rubuta ta da "ni", ba da "wani abokina" ba.

Matanmu ba su taɓa rasa hanyar faɗin abin da ba ya faɗuwa ba. Waƙar daka da waƙar niƙa nan ne kakanninmu ke sauke abin da ke ransu game da kishiya da miji da uwar miji, a cikin habaici, taɓarya na rufe musu asiri. Marigayiya Barmani Coge ta hau ƙwarya ta faɗi maganganun mata da maza ba su so ji ba, aka yi rawa aka yi liƙi. Yau injin niƙa ya cinye dutsen niƙa, waƙar ta tafi da shi, abin da ya maye gurbin shi ne waya, ita kuwa waya ba ta da sirri. Ƴan slam na Yamai da Maraɗi, da marubuta waƙa na Damagaram, ƴan mata da samari, kuna taɓa auren dole, kuna taɓa fyaɗe, kuna taɓa ƙaura. Wannan ma ku taɓa ta. Brooks ta shiga bakin wata mata ta layinsu ta yi magana, ba a ce sai abin ya faru da kai ba. Sharaɗin dai ka saurara da kyau tukuna, kuma in ka fara kada ka yi saurin yanke mata hukunci a baiti na ƙarshe don a tafa maka, ko na wuta ko na wankewa. Ka bar ta ta yi maganar har inda numfashinta ya kai.

Ni abin da zan iya shi ne makirfo. Duk wadda ke da baiti a kan wannan, ko wanda ke da shi, da Hausa, ya turo ta akwatin saƙon shafin nan, zan karanta a iska da muryata. Ba suna, ba gari, ba unguwa, ba abin da zai sa a gane wata. Wadda ba ta iya rubutu ba ta yi vokal, ni zan kwafe a takarda in goge muryar, ba za a sa ta a radiyo ba. Wadda aka yi don tsinuwa ba zan karanta ba, haka wadda aka yi don koya wa yara hanyar yi. Kuma in saƙonki ya zo kina cikin zubar jini ko zazzaɓi, ki bar waƙar tukuna, ki nemi wadda kika yarda da ita ta raka ki matanite yau ɗin nan, ko da dare ne.